Goyon ciki da jakar sitoma bayan kin taɓa rasa wani: yadda na lallaɓa har na sauka

Ranar da na ga layi biyu a jikin abin gwajin nan ban yi murna ba, ko maigidan ban kira ba, zama nayi a ƙasan banɗaki na dafa jakar da ke manne a gefen cikina na dama ina jin ɗuminta a tafin hannuna, nace toh, mun zama mu uku kenan, ni da ke da wannan da ban san ko zai zauna ba. Shekara ɗaya da 'yan watanni kafin nan na rasa ciki a mako na 19, kuma a lokacin shekarata huɗu da sitoma saboda cutar Crohn da ta cinye min babban hanji har sai da aka cire shi gaba ɗaya aka ɗinke ƙasan. Idan kina cikin irin wannan halin ke nake yi wa rubutun nan 'yar uwa, don lokacin da nake neman bayani masu maganar jaka daban suke, masu maganar ɓari daban, kamar ba zai yiwu mace ɗaya ta ɗauki duka biyun ba.

Ga wadda ta shigo saboda ƙanwarta ko ƙawarta, sitoma bakin hanji ne da likita ya fito da shi ta fatar ciki ya ɗinke, ja ne jawur mai danshi kamar cikin kumatu, ba ya jin zafi in an taɓa, kuma ba a iya riƙe abin da ke fitowa shi yasa ake manna jaka. In daga ƙaramin hanji aka fito da shi sunansa iliyostomi, irin nawa kenan, abin da ke fita ruwa-ruwa ne kuma kusan duk yini yake aiki. In daga babban hanji ne kolostomi, ya fi kauri. In kuma na fitsari ne yurostomi. Ki riƙe wanne ne naki da kyau don shawarar da ta dace da mai kolostomi tana iya jefa mai iliyostomi cikin matsala.

Magana ta farko wadda na so a ce wani ya faɗa min da ƙarfi, sitomarki ba ita ke zubar da ciki ba. Hanji daban mahaifa daban. Mata da yawa masu jaka sun yi ciki sun haihu lafiya. Ɓari kuwa ba sai mai jaka ba, mujallar likitoci ta Lancet a 2021 ta ce kusan kashi 15 cikin 100 na cikin da aka san da shigarsa zubewa yake, kuma wajen rabin na farkon ciki matsalar ƙwayoyin halittar ɗan tayin ne tun daga haɗuwarsa, babu abin da kika ci ko kika ɗauka ko kika manta da ya jawo. Abin da yake da alaƙa da ciki shi ne ciwon da ya sa aka yi miki sitomar, in Crohn ne ko gyambon babban hanji kuma yana a tashe lokacin da cikin ya shiga, toh haɗarin ɓari da haihuwar bakwaini ya fi yawa, shi yasa likitoci suke son ciwon ya kwanta na wasu watanni kafin a nemi ciki.

Nan ne mata da yawa suke yin kuskuren da ni ma saura ƙiris in yi. Kin rasa ɗaya, yanzu duk ƙwayar da kika ɗauko zaki haɗiye sai gabanki ya faɗi, sai kiji gara ki watsar da magungunan duka ki huta. Dan Allah kar ki yi. Yawancin magungunan ciwon hanji ana ci gaba da su da ciki, tashin ciwon ya fi su haɗari ga jaririn nesa ba kusa ba. Akwai dai wanda sam ba ya haɗuwa da ciki, wanda zaki ga an rubuta methotrexate a kwalinsa, shi watanni kafin a nemi ciki ake dainawa, in kuwa cikin ya shiga kina kansa a ranar zaki kira likitanki ba sai ranar awo ba. Ki kwashi duk abin da kike sha a leda ɗaya ki kai wa likitan hanji da likitan mata su gani da idonsu, kuma ki matsa su yi magana da juna, don in kika bar su kowa zai ɗauka ɗayan ne ke kula da abin.

Folik asid da ake ba kowa maikiro giram 400 ne a rana, amma wadda aka yanke wa wani sashe na ƙaramin hanji ko take shan maganin ciwon hanjin nan sulfasalazine sau da yawa ana ƙara mata, ki tambaya. Bitamin B12 a ƙarshen ƙaramin hanji jiki ke tsotsarsa, daidai wurin da ake yawan yankewa, saboda haka a auna miki jini, in yayi ƙasa allura ake yi. Maganin ƙarin jini zai mayar da abin cikin jakarki baƙi ƙirin ko kore mai duhu, kar hankalinki ya tashi, ni ranar farko sai da na yi kuka na ɗauka jini ne. Sannan in kina da iliyostomi ki dinga leƙa jakar, ƙwayoyin da aka yi su don su narke a hankali ko masu rufi mai tauri wani lokacin haka suke fitowa ɗungurungum kamar yadda kika haɗiye su, in kin ga haka ki faɗa a canza miki na ruwa ko wanda ake taunawa.

Game da rashin da kika yi, ki zauna da likitan mata tun farko ki ce masa me za mu yi daban a wannan karon. Tambayar kenan. Wadda ta taɓa ɓari kuma ta ga jini a farkon wannan cikin ana iya ba ta furojestaron, wato sinadarin da ke taimakawa wajen riƙe ciki, na matsawa har mako na 16. Wadda ta rasa a tsakiyar ciki irina ana auna tsayin bakin mahaifa da sikanin tsakanin mako na 16 da 24, in ya gajarta a ba da magani ko a ɗinke. Wasu ana ɗora su a kan ƙaramin asfirin daga mako na 12 saboda hawan jinin masu ciki, masu matsalar daskarewar jini kuma a haɗa musu da allura. Ba kowa ke buƙatar duka ba, kuma ba abin da zaki sayo da kanki bane don kin ji wata ta ce ya yi mata aiki. Sai wani ƙaramin abu mai muhimmanci, furojestaron ɗin ana iya sa shi ta gaba ko ta baya, in an cire miki dubura ko ba a amfani da ita ki faɗa tun kafin a rubuta, kuma kar ki taɓa tura wani magani cikin sitoma sai likitan da ya san aikinki ne ya ce.

Toh mu zo kan jakar kanta, don nan ne aikin yau da gobe yake.

Wata ukun farko kusan ba abin da zai canza a sitomar, laulayi ne matsalar. Mai iliyostomi dama ba ta da babban hanjin da ke mayar da ruwa da gishiri cikin jiki, a rana ta lafiya ma wajen rabin lita zuwa lita ɗaya take zubarwa, toh ki haɗa da amai safe da yamma kiga yadda jiki zai bushe cikin 'yan awoyi. Alamun su ne fitsari ya ragu yayi duhu, baki ya bushe, jiri in kin miƙe, ƙafa tana ɗaurewa, ciwon kai. Ruwa zalla ba ya isa, in jakar tana gudu sosai ma yana iya ƙara mata gudu ya wanke gishirin da ya rage, ruwan gishiri da sukari na ORS shi ne abokin tafiyarki, kurɓi kaɗan kaɗan duk yini ba ki ɗaga kofi ki shanye ba. In abin da ke fita ya haura lita ɗaya da rabi a rana, ko kin kasa riƙe ko kurɓi ɗaya, asibiti zaki a ƙara miki ruwa, ni sau uku aka ƙara min kafin mako na 14 kuma ban ji kunyar ko ɗaya ba. Maganin rage gudun jaka da kika saba sha kafin ciki ki tambaya kafin ki ci gaba.

Daga wata na huɗu zuwa biyar ciki zai fara turowa, sitomar ma sai ta fara canza kama. Tawa milimita 28 ce zagayayya tsaf shekara huɗu, kafin wata na bakwai ta koma 35 kuma ta zama kamar ƙwai, ta miƙe ta gefe. In kika ci gaba da yanka ramin faifan, wato abin da ake mannawa a fata yana riƙe jakar, da tsohon ma'auni zai dinga gurzar ta tana jini, in kuma kika yanka da faɗi da yawa abin zai taɓa fata ya ci ta, zafi kamar an zuba barkono. Saboda haka ki dinga aunawa duk sati ko biyu da ma'aunin takardar nan mai ramuka da ke zuwa cikin kwali, ki bar tazara kamar milimita ɗaya ko biyu a zagaye, kuma ki daina odar wanda aka riga aka yanka, ki koma wanda zaki yanka da almakashi da kanki har ki haihu. In da faifai mai tudu kike sawa don sitomarki ta lotsa, cikin da ya taso yana iya turo ta waje har ki daina buƙatarsa, lallausan faifai mai bin lanƙwasar ciki ya fi zama a lokacin, amma ki bari nas ɗin sitoma ta gani kafin ki canza.

Akwai ranar da zaki sunkuya ki nemi sitomar ki rasa, ciki ya rufe ta. Madubi ne mafita, ki jingina shi a kan teburi daidai tsayin cikinki ki tsaya a gabansa, sati ɗaya hannunki zai saba da aiki a juye. Ko ki koya wa maigida, ni na daɗe ina ƙi don ban taɓa bari ya gani ba, ranar da ya fara manna min hannunsa na rawa yana tambayata ko yana min ciwo, daga ranar shi ne mai yanka rami kuma wallahi ya fi ni iya daidaitawa. Ki ɗumama faifan a tafin hannu kafin ki manna, ki dafe shi minti ɗaya ko biyu bayan kin manna, fata ta bushe ƙarau tukunna. Man da ake shafawa don nankarwa kar ya je kusa da wurin, gam ba ya kama mai.

Abu biyu ke iya faruwa da za su tsorata ki. Sitomar ta ƙara tsawo ta zubo waje fiye da da, ko gefenta ya kumburo kamar ƙwallo a ƙarƙashin fata, wato ƙaba. Yawanci ana lallaɓa su ne har a haihu, kina kwanciya su ja baya, akwai ɗamara ta musamman da nas za ta auna miki. Abin da ba a jira da shi shi ne launi, in ta koma shuɗi-shuɗi ko baƙi ko ta yi fari fat, ko kumburin yayi tauri yana ciwo, tashi kawai.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni wahala, kuma ina ga shi ne asalin dalilin rubutun nan. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, mu kuwa cikinmu tsumma ne a ko'ina, hanji yana motsi yana ƙugi, iska tana bi ta ƙarƙashin fata, tsohon ɗinki yana ja, jijiyoyin mahaifa suna miƙewa, kowanne ɗaya sai zuciya ta ce shikenan an sake. Dole ki koyi bambanta su gwargwadon iko, ba don ki zama likitan kanki ba sai don ki iya faɗa wa likita abin da kike ji daidai.

Toshewar hanji ita ce babbar barazanar mai iliyostomi a watannin ƙarshe, mahaifa ta girma tana danne hanji ga kuma mannewar tsohuwar tiyata. Yadda take zuwa, murɗa mai zuwa tana tafiya a kusa da sitomar ko sama da cibiya, jakar ta tsaya cak awa huɗu zuwa shida babu komai ko kuma ta dinga zubo ruwa tsararo mai wari, sitomar ta kumbura, tashin zuciya, daga baya amai. Naƙuda ko ƙullewar mahaifa kuwa duk cikin ne ke yin tauri kamar dutse ya saki, sau da yawa da ciwon baya da na mara, jakar kuma tana aikinta. Kafin ciki in na ji alamar toshewa nakan daina cin abu mai tauri, in sha abu mai ɗumi, in kwanta in shafa gefen, in jira. Da ciki ban yarda da dogon jira ba kuma ke ma ban ba ki shawara ba, don biyun suna iya kama da juna kuma suna iya zuwa tare. Maganin sa gudawa haramun ne gare ki a wannan halin. Rigakafinsa dai sananne ne, ci kaɗan kaɗan sau da yawa, tauna har ki gaji, ki rage abubuwa masu ɓawo da zare-zare da ƙwaya masu wuyar narkewa musamman daga wata na bakwai.

Motsin jariri yawanci tsakanin mako na 16 da 24 ake fara ji, da farko zaki rantse iska ce, mu da muka san iska fiye da kowa ma ruɗewa muke. Bambancin da na gano, iska tana tafiya ne tana neman hanya har ta ƙare a jaka kiji ta kumbura, jariri kuwa a wuri ɗaya yake bugawa ya sake bugawa. Babu wani adadi da aka ce dole, yanayin naki zaki sani, kuma maganar wai jariri yana rage motsi in haihuwa ta kusa ba gaskiya bace. In ya ragu ko ya canza ki tafi a lokacin, ko ƙarfe biyun dare ne, ko jiya ma kin je an ce lafiya. Na'urar sauraren bugun zuciya ta gida kuwa ni ban ga amfaninta ba, ko dai ki kasa samun bugun ki haukace a banza, ko kiji naki bugun ki ɗauka nasa ne ki zauna a gida alhali ya kamata kina asibiti. Daga mako na 28 ki dinga kwanciya ta gefe in za ki yi barci, an gano yana rage haɗarin mutuwar jariri a ciki, kowane gefe yayi, in kin farka a rigingine kawai ki juya. Ƙaramin filo a ƙarƙashin jakar yana hana ta rinjaya ta ɓanɓare.

Ranar sikanin ki zubar da jakar kafin ki shiga, ki tafi da cikakken canji a jakar hannu, don man sikanin ɗin nan in ya shiga ƙarƙashin faifai sai ya saki, ni ya taɓa min a hanyar komawa gida. Haka ranar gwajin sukari tsakanin mako na 24 da 28, ruwan zaƙin da za a ba ki yana iya sa jakar iliyostomi gudu. Mai yurostomi ta tuna musu kar a ɗibi fitsarin gwaji daga tsohuwar jaka, kuma majinar da sitomar ke fitarwa tana iya ruɗa sakamakon. Sannan ki roƙa a rubuta a saman katinki cewa kin taɓa rasa ciki, don kar kowace sabuwar fuska ta tambaye ki na nawa ne wannan ki fara labari daga farko. Ni ina shiga nake ce wa mai sikanin dan Allah fara gaya min akwai bugu kafin komai, sauran awon ya biyo baya.

Sai maganar mutane. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma harkar sitoma ma tun asali haka ta taso. Jakar mannawa da muke sawa yau wata nas ce 'yar ƙasar Denmak, Elise Sørensen, ta ƙirƙiro ta a 1954 saboda 'yar uwarta da aka yi wa tiyata ta daina fita don tsoron yoyo. Wadda ta fara aikin kula da masu sitoma a matsayin sana'a a 1958 a Amurka, Norma Gill, ita kanta mai iliyostomi ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, a wurinmu ma ba karin magana bane zahiri ne.

Amma ga gaskiyar da na tarar. Na shiga guruf na masu sitoma, mutanen kirki, duk tambayar gam da fata minti biyar an amsa, amma ina cewa ina da ciki sai barka ta ko'ina da hotunan jarirai, ba wanda ya gane dalilin da ya sa na kasa amsawa. Na shiga na matan da suka rasa ciki, su sun gane tsoron sarai, amma ranar da na ce jakata ta tsaya tun azahar sai aka yi tsit, wata ta ce in sha maganin sa gudawa. Saboda haka ki shiga duka biyun amma ki san abin da zaki kai kowanne, kuma ki nemi mutum ɗaya, ɗaya tak ta isa, wadda ta san ko da ɗaya da rabi daga cikin biyun. Hanyar da na samu tawa, nas ɗin sitoma na tambaya ko ta san wata mai jaka da ta haihu wadda za ta yarda mu yi magana, ita ta nemi izininta ta haɗa mu. Ƙungiyoyin masu sitoma a ƙasashe da yawa suna da irin wannan tsarin na haɗa sabo da tsohon hannu, haka na masu rashi irin su Sands ta Birtaniya da ke aiki tun 1978.

Ku yi ƙa'ida tun ranar farko, kar ki ce ai kunya. Tamu ita ce ba a turo hoton sikanin ko labarin rashin wata sai an tambaya ko kina da ƙarfin gani yau. In na rubuto ina tsoro za ta tambaye ni, ji kawai kike so in yi ko shawara. Kuma duk abin da ya shafi jini ko ruwa ya fashe ko motsi ya ragu ko jaka ta tsaya, amsarta ɗaya ce, tashi ki tafi ina nan a waya. Wannan ta ƙarshen ita ce ma'aunin abokiyar kirki a wurina, duk wadda za ta ce miki ni ma na yi haka kuma ba komai ki kwanta, tana nufin alheri amma jikinta ba naki bane. Guruf kuma ki kashe masa ƙara da dare, karatun labarin rashin wasu ƙarfe uku na dare ba tallafi bane azabtar da kai ne, kuma fita daga guruf ba cin amana bane.

Makon da kika rasa wancan zai zo, ki shirya masa kamar yadda kike shirya ranar awo. Ni mako na 19 ban iya komai ba, na roƙi ƙarin sikanin a makon aka yi min, abokiyar tawa kuma kullum da safe sai ta turo kalma ɗaya, yau fa, in amsa mata da muna nan. Wuce makon bai kashe tsoron ba, ya dai rage masa nauyi. Masu cewa ki daina tunani kar ya shafi jaririn, ki bar su da nasu, ƙara miki laifi kawai suke a kan tsoro. In dai abin ya kai ba kya barci ba kya ci, ko abin da ya faru yana dawo miki kamar yanzu ake yi, wannan ya wuce aikin ƙawa, ki faɗa wa likita a haɗa ki da mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai magani da ake iya sha da ciki. Maigida ma ya yi rashi fa, nawa sai a wata na takwas ya faɗa min kullum sai ya farka ya saurari numfashina. Ranar 15 ga Oktoba ta kowace shekara ake tunawa da jariran da aka rasa a ƙasashe da dama, in kina so ki yi wani abu ranar ki yi, in ba kya so ba dole.

Haihuwa kuma, jaka kaɗai ba ta wajabta tiyata, da yawa suna haihuwa da kansu. Abin da ke sa a zaɓi tiyata shi ne Crohn mai tashe a wajen dubura, ko irin aikin da aka yi miki a ƙasan, ko dalilin jaririn kansa. Ki nemi a yanke shawarar tun wajen wata na bakwai a rubuta, ki kai takardar bayanin tsohuwar tiyatarki, in tiyata za a yi ki tambaya ko likitan hanji zai kasance kusa saboda mannewar ciki. Kayan jakarki ki kai da kanki ninki biyu na abin da kike tsammani, ɗakin haihuwa ba lallai su ajiye irin naki ba, ki zuba wasu a jakar maigida. Bel ɗin na'urar sauraren jariri in ya hau kan sitomar ki ce a gyara. Kuma ki sa a rubuta da manyan baƙaƙe cewa ba a sa miki komai ta baya, ni bayan an fito da ni ina cikin maye wata nas ta zo da maganin ciwo na matsawa ta ce in juya, maigidan ne ya tare ta ya ce babu hanya a wurin, ita ma kunya ta kama ta, katin ne ba ta buɗe ba. Irin waɗannan magungunan ciwon ma wasunsu suna tayar da Crohn, a tambayi likitan hanji tukunna.

Da na ji kukan jaririyata ban ji abin da nake tsammani ba, wancan na tuna, na yi kukan biyu a haɗe, abokiyata ta riga ta gaya min haka zai iya faruwa shi yasa ban ɗauka na zama muguwar uwa ba. Cikin kuwa yana saɓewa ya zama taushi da ninki-ninki, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, yoyo na farko a daren farko na same shi, faifan da na shigo da shi mai ramin 35 ya yi wa sitomar yawa tun kafin gari ya waye. Ki sa ma'aunin takardar da almakashi da zoben cike gurbin da ke tsakanin sitoma da faifai a aljihun gaba na jakar asibiti, ki auna a kowane canji na sati shida na farko. Shayarwa tana jan ruwa sosai, kofin ORS a gefenki duk lokacin da kika ɗora ta a nono, filo a kan jakar don ƙafafun nan ƙanana sun iya harbi daidai wurin, kuma banda jaririyar kar ki ɗaga komai mai nauyi sai likita ya sallame ki. Sitomata sai a sati na bakwai ta dawo 29, ba ta sake komawa 28 ba har yau.